Kurakuran da aka fi yi wajen tsara kuɗin ritaya tare da mai ba da shawara

Mutane da yawa ba sa neman ƙwararren da zai ba su shawara kan kuɗin ritaya sai takardar ajiye aiki ta kusa fitowa, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya je da sauran shekara 10 a gabansa yana da sararin ƙara tanadi, da biyan bashi, da sauya inda ya zuba kuɗinsa. Wanda ya je saura wata uku kuwa, ba abin da ya rage masa sai kasafta ɗan abin da ke hannu.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne jin nauyin tambayar mai ba da shawara yadda ake biyansa. Wani kai ne za ka biya shi ladan aikinsa, wani yana cire wani kaso na dukiyar da yake kula da ita duk shekara, wani kuma kamasho yake karɓa daga kamfanin da ya sayar maka da hajarsa, kuma wannan na ƙarshe, ko da mutumin kirki ne, zuciyarsa na iya karkata ga abin da ya fi kawo masa riba. Ladan kashi 1 cikin 100 na dukiyarka a shekara ba ya tayar da hankali a takarda, amma cikin shekara 30 yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya taru. Ka nemi ya rubuta maka duk abin da za a cire, sannan ka binciki lasisinsa a hukumar da ke sa ido kan irin aikinsa.

Shi ma mai neman shawarar yana da nasa laifin. Sai ka ga mutum ya zauna a gaban ƙwararre ya lissafa albashi da fansho, amma ya yi gum kan bashin da ke kansa da 'yan'uwan da yake ɗauke da nauyinsu, har ya rage abin da yake kashewa don kada a ce almubazzari ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tafi da bayanan asusunka na banki na wata 12, domin su suka san gaskiyar aljihunka fiye da kai.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne kallon dunƙulallen kuɗi maimakon tambayar nawa za su riƙa bayarwa duk wata, kuma har tsawon shekara nawa. Hauhawar farashi na kashi 6 cikin 100 yana raba darajar kuɗi biyu cikin kimanin shekara 12, don haka fanshon da ba ya ƙaruwa, wanda ya wadatar a shekara 60 da haihuwa, rabin kayan da yake saye kawai zai saya a shekara 72. Wasu sukan rataya ga ƙa'idar da William Bengen, wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, ya fitar a 1994, wato a ciri kashi 4 cikin 100 na abin da aka tara a shekarar farko ta ritaya, sannan a riƙa ƙarawa daidai da hauhawar farashi. Sai dai lissafin nan an gina shi ne kan tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamuni na Amurka, kuma kan ritayar shekara 30, saboda haka a ganina mafarin tattaunawa ne kawai. Ka sa mai ba ka shawara ya nuna maka abin da zai faru idan kasuwa ta faɗi a shekarun farko na ritayarka, kamar yadda ta faɗi a 2008, domin wanda ya sayar da hannun jari a lokacin faɗuwa don cefanen gida yakan daɗe bai farfaɗo ba. Maganinsa shi ne a ware kuɗin kashewa na shekara ɗaya ko biyu a inda za a iya ɗauka nan take.

Kada kuma ka tura kuɗi cikin asusun mai ba da shawara na kansa. Su zauna da sunanka a wata cibiya dabam, wadda za ta riƙa aiko maka da bayani kai tsaye. Bernard Madoff, wani mai juya wa mutane kuɗi a Amurka da ya damfare su, wanda asirinsa ya tonu a 2008, shi ke riƙe kuɗin mutane, kamfaninsa kuma ke rubuta musu rahoton ribar ƙarya.

A ƙarshen zama akan manta da abokin zaman aure da sunayen magada a takardun fansho da inshora. Ku je zaman tare, domin wanda ya rage a raye ya san inda komai yake, sannan a sake duba takardun duk shekara, ko kuma da zarar an yi aure, ko haihuwa, ko rasuwa.