Kurakuran da aka fi yi wajen gasa burauni a gida

Duk wadda ta saba yin kek, hannunta ne zai fara ba ta matsala ranar da ta tashi gasa burauni. Kek ana so ya tashi ya yi taushi kamar soso. Burauni kuwa, gasasshen kayan zaƙi na cakulan wanda Amurkawa suka fara yinsa, zama ake so ya yi: ciki da nauyi da danshi, ya ɗan yi danƙo a haƙori, samansa da siririn ɓawo mai sheƙi wanda ke tsattsagewa idan wuƙa ta hau. Yawancin kurakuran daga wannan saba suke fitowa. Sai a yi masa irin hidimar kek, a sauke kek mai duhu a ce an yi burauni.

Fulawa ce ta farko. Ga awon da ya dace da gwangwanin gashi mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe: bota giram 115, sukari giram 200, ƙwai 2, fulawa giram 65, hodar koko giram 50, da ɗan gishiri. Ki lura, sukarin ya ninka fulawar sau uku. Uwargida kan kalli ƙullun ta ga fulawar ta yi kaɗan, ta ƙara ludayi ɗaya don hankalinta ya kwanta, shi kenan ta busar da shi tun bai shiga wuta ba. Awo da kofi ko gwangwanin madara ma yana da tasa yaudarar, domin idan kika dumbuza kika danna, fulawar da ta shiga ta fi wadda ake nufi. Ƙaramin sikelin kicin ya raba gardama. In babu, ki tankaɗe, ki zuba da cokali, ki share saman kofin da bayan wuƙa.

Bekin foda kuma ki bar shi a ma'ajiyarsa. Da zarar fulawa ta shiga, ki ajiye maburgi, ki juya a hankali da cokalin katako har farinta ya ɓace, ki tsaya. Yawan bugu bayan nan tauri yake kawowa.

Akwai masu zuba Milo ko Bournvita a madadin koko. Waɗannan kayan shayi ne, an riga an haɗa su da sukari da madara, kokon cikinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da zai fito zai yi zaƙi, amma ba launi, ba ɗan ɗacin nan da ke sa a san cakulan ake ci. Ki nemi hodar koko zalla a shagon kayan kek. In yaro za ki aika, ki yi masa bayani dalla-dalla, kada ya dawo miki da gasarar kokon safe.

Rage sukari ya fi kowane kuskure kama da hikima, shi ya sa nake jin tausayin masu yinsa. Sukari a nan ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke riƙe danshi, kuma ɓawon nan mai sheƙi daga narkewarsa cikin ƙwai yake samuwa. Saboda haka ki buga ƙwai da sukari kamar minti huɗu, har su yi haske su yi kauri; nan ne kaɗai ake son bugu. Idan sukarinki mai manyan ƙwayoyi ne, ki ɗan niƙa shi tukuna. In zaƙin ke damunki, ki ƙara gishiri kaɗan, ko ki yanka ƙanana.

Mai amfani da cakulan na sanda kada ta ɗora shi kai tsaye a wuta, nan da nan yake ƙonewa. A sa shi a kwano tare da bota, a ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi, a kiyaye kada ruwa ya ɗiga ciki, don ɗigo kaɗan sai ya dunƙule. A bari ya huce kafin ya haɗu da ƙwai, in ba haka ba wainar ƙwai za a tarar a ciki.

Sai gashi, inda aka fi yin asara. Oben ya riga ya yi zafi a digiri 175 na Salsiyas, kuma daga minti 22 ki fara dubawa. Ƙa'idar kek ita ce a soka tsinke a ciki ya fito tas. A burauni, in ya fito tas kin makara. So ake ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima a jikinsa, ba ɗanyen ƙullu ba. Gefe ya kama, tsakiya da sauran laushi. Zafin gwangwanin zai ƙarasa aikin bayan an sauke.

Mai gashi a tukunya da yashi, matsalarta ƙasa ya ƙone sama bai nuna ba. Ki bar tukunyar ta yi zafi kamar minti goma, ki jera duwatsu uku ko ƙananan gwangwanaye a kan yashin don gwangwanin ya ɗaga, ki rage wutar ƙasa sosai, ki zuba ɗan garwashi a kan murfi. Ki rage yawan leƙe.

Yankawa da zafi kuma haƙuri ne kawai ya gaza. Ki shimfiɗa takardar gashi tun farko, ki bar kunnuwanta a waje don ɗagowa. Ya huce na awa biyu, in da firji ya ɗan shiga. Ki tsoma wuƙa a ruwan zafi, ki goge ta bayan kowane yanka. Wanda kuma ya riga ya bushe, kada ki zubar: ki marmashe shi a kofi, ki zuba madara mai ɗumi, ki miƙa wa yara da cokali.