Kurakuran da ke kashe ɗiyan kifin killi tun satin farko da yadda ake gyara su

Jama'a masu kiwon kifin ado a gida nan Maradi, musamman ku da ake aiko ma ƙwan killifish cikin 'yar leda haɗe da wata baƙar ƙasa mai danshi, wallahi yawancin mutuwar da kuke gani ba daga mai sayar da ƙwai take ba. Kifin nan rayuwarshi ta gaggawa ce. Irin su Nothobranchius a tabkunan da ke ƙafewa da rani suke rayuwa can Mozambik da Zimbabwe da Tanzaniya, ruwa ya janye uwayen su mutu, ƙwai ya kwanta cikin laka har damina ta zagayo. Ko ƙasar Hausa akwai danginsu, wanda ake ce ma kiyawensis a kogin Kiyawa wajen Katagum aka samo shi, aka raɗa mashi suna a 1928. To ɗan kifin da 'yan watanni kawai gare shi ya girma ya yi ƙwai, wani irinsu da ake ce ma furzeri ma sati biyu zuwa uku ya balaga, ba ya ɗaukar yunwa ko ta wuni guda, kuma ba ya ɗaukar ruwa mai datti. Kusan duk kurakuran daga mantuwa da wannan suke tasowa.

Na farko gaggawar zuba ruwa. Leda ta iso yau, mutum ya juye ta cikin akwariyom yau ɗin, gobe ya ce an cuce shi. Ka duba ranar da aka rubuta jikin ledar tukuna, ƙwan irin da ake ce ma guentheri na Zanzibar yana son ya kwanta cikin ƙasar kamar wata biyu zuwa uku daga wannan ranar kafin a jiƙa shi, na irin rachovii kuwa yakan kai wata biyar ko shida. Amma abin dogaro shi ne ido. Ka baza ƙasar kaɗan bisa farar takarda, ka haska da fitilar waya, ƙwan da ya nuna za ka ga idanu biyu baƙi da zobe mai ruwan zinariya suna kallonka daga ciki. In ƙwan garau yake ba komi ciki, maida shi leda ka ɗaure ka ƙara haƙuri. Ranar jiƙawa kuma roba mai faɗi za ka samu, ruwa mai ɗan sanyi, zurfin bai wuce yatsa biyu ko uku a kwance ba. Bayan sun ƙyanƙyashe, ɗiyan da za ka ga suna jan ciki a ƙasa ba su iya tashi, jakar iskarsu ce ba ta cika ba, galibi ba su gyaruwa, kuma jiƙa ƙwai ba kan lokaci ba na cikin abin da ke jawo haka. Sannan don Allah kar a zubar da ƙasar bayan ƙyanƙyasar farko, matse ta cikin tsumma ta koma danshi-danshi, ajiye sati biyu ko uku ka sake jiƙawa, ƙwan ba ya fashewa duka lokaci guda, dabararshi ce saboda ruwan saman farko da kan yi ƙarya.

Maganar abinci nan ne aka fi yin asara. Mutum ya saba da tarwada sai ya niƙa garin abincin kifi ya barbaɗa masu, su kuwa ɗiyan killi abin da ke motsi kawai suke kamawa, garin sai ya nutse ya ruɓe ya ɓata ruwa, ga yunwa ga guba. Abincinsu artemiya ce sabuwar ƙyanƙyasa, wato wasu ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ƙyanƙyasa ƙwansu a gida, kuma kuskuren shi ne sai ɗiya sun fito ake fara neman ta. Ka haɗa ta tun kwana guda kafin ka jiƙa ƙwai: gorar roba ta lita guda, gishiri kamar giram 25 zuwa 30, ƙwan artemiya ɗan kaɗan a bakin ƙaramin cokali, ka sa tiyon iska ya riƙa juya shi, da ɗumin garinmu cikin awa 24 ta fito. Gora biyu ake yi ana karɓa-karɓa, ɗaya yau ɗaya gobe, don kar a wayi gari babu. Ka tace ka ɗauraye da ruwan daɗi kafin ka ba su, sau biyu ko uku a wuni, kaɗan-kaɗan. Alamar sun ci ba ta ɓuya, cikinsu zai kumbura ya yi kalar lemu. In ka ga ciki a shafe da yamma to akwai matsala. Artemiyar da ba a cinye ba cikin 'yan awoyi take mutuwa a ruwan da ba gishiri, shi ya sa nake son a jefa ƙananan dodon koɗi biyu ko uku cikin robar su share saura, sannan a zuƙe dattin ƙasa da sirinji ko siririn tiyo kullum.

Ruwa kuma wasu ba su canjawa sam don tsoro, wasu su juye duka lokaci guda, duka biyun kisa ne. Kaɗan ake ragewa kullum a ƙara sabo, ana ɗaga zurfin sannu a hankali yadda suke girma. Ruwan pampo ya kwana cikin bokiti a buɗe don kulorin ya fita, kuma ya kwana ɗaki guda da kifin don zafinsu ya zo daidai. Zafin Afirilu da Mayu da muke wuce digiri 40 ba lokacin jiƙa ƙwai ba ne a ganina, ɗiyan sun fi jin daɗi wajen digiri 24 zuwa 26, in ruwa ya haura 30 iska na raguwa cikinshi, ga kuran da kan ɗauke famfon iska ya tsaya. A bari sai damina ta zauna, a aje robar ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga. Lokacin hunturu kuma akasin haka, a rufe da bargo da dare.

Akwai wata cuta da ke share ɗiyan Nothobranchius cikin kwana kaɗan, mutane ba su lura sai an makara. Za ka ga sun matse fiffike sun taru a kusurwa sun bar ci, in ka haska su daga gefe cikin duhu sai ka ga kamar an yayyafa masu garin zinariya, velvet ake ce mata. Rigakafinta mai sauƙi ne, ƙaramin cokali guda na gishiri cikin kowane lita huɗu zuwa biyar, kuma duk ruwan da za ka ƙara ya zo da gishirinshi daidai haka.

Daga sati na biyu zuwa na uku ka fara rarrabewa, mazan sun fi saurin girma, babban na haɗiye ƙaramin, mutum ya yi ta ƙirga yana cewa suna ɓacewa. A nan za ka iya fara ba su tsutsar sauro ƙanana, amma ka kwashe ta daga inda ruwa ya riga ya kwanta ka zubar da ruwan, kar a girka bokiti a tsakar gida ana kiwon sauro ga yara kwance. Kuma murfi dole ne, killi gwanin tsalle ne, musamman irin da ake ce ma gardneri na Najeriya, 'yar kafar da tiyon iska ke shiga ma a toshe ta da soso.