Yadda ake gane faɗa-wutan da ke haifar da tsutsar masara

Manoma da dama sun sha tambayata yadda za su gane faɗa-wutan da ke yawo a gonakin masara, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake, aka fara ganinsa a Afirka ta Yamma a 2016. Ga matakan:

1. Ka shiga gonar masara ko dawa bayan magariba, domin da rana ɓuya yake yi cikin ganye.

2. Ka rataya farin ƙyalle a gefen gonar.

3. Ka haska ƙyallen da tocila har ƙwari su taru.

4. Ka kife wanda ya sauka da kofin gilashi.

Hattara: kada ka kama shi da yatsa, domin garin fikafikansa zai goge, alamomin su ɓace.

5. Ka duba fikafikan sama. Ruwan toka ne gauraye da ruwan ƙasa, kuma namiji yana da farin tabo a bakin kowanne, amma macen ba ta da zane sosai.

6. Ka duba fikafikan ƙasa, waɗanda farare ne masu sheƙi da siririn baƙin layi a gefe.

7. Ka auna faɗinsa a buɗe. Ba ya wuce santimita 4.

8. Washegari ka leƙa cikin kan masara, inda tsutsar take zama cikin kashinta mai kama da dusa. A ganina wannan ce shaida mafi ƙarfi: ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, da alamar Y a kife a goshinta.

Idan damina ta wuce, ka neme shi a masarar fadama.