Miyar Karfasa Mai Yaji da Zoɓon Randa

Da sassafe nake sayen karfasa hannun masunta a bakin kogin Haɗeja, wadda idonta bai dushe ba. 'Yar'uwa, ki kankare ta, ki wanke da lemon tsami, ƙarni ya fita.

Ki jajjaga tumatir shida, tattasai uku, attaruhu biyu da albasa. Ki soya a man gyaɗa, ki janye itace, har mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu. Nan fa ake haƙuri. Sai tafarnuwa, citta, daddawa da gishiri.

Ki jera kifin ciki, ki rufe minti 10. Kada ludayi ya taɓa shi, dagargajewa zai yi; ni tukunyar nake girgizawa.

Da tuwon shinkafa muke ci, mu kora da zoɓon randa, sukari kaɗan. Tsaminsa ke kwantar da yajin a harshe.