Yadda Za Ka Bi Sawun Numfashinka Daga Hanci Har Cikin Jini

Baligin da ke zaune yana hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Idan ka lissafa, kusan sau 20,000 ke nan daga safiyar yau zuwa ta gobe, kuma da wuya ya lura da ko guda. Da yawanmu mun haddace zanen huhu a makaranta, amma in aka tambaye mu abin da ke jawo iska cikin ƙirji sai mu ce huhu ne, alhali shi huhu ba shi da tsokar da zai yi wannan aiki da ita. A ganina, a jikin mutum ya kamata a fara wannan darasi kafin a je allo. Tanadi agogo mai nuna daƙiƙa, ƙaramin madubi, gorar roba da balan-balan biyu, sai ka sami wuri ka zauna.

Mataki na 1: Fara da hanci

Rufe bakinka ka shaƙi iska ta hanci sau uku. Sannan buɗe baki ka ja ta da sauri sau uku. Za ka ji maƙoshinka ya yi sanyi ya bushe a karo na biyu. Dalili shi ne hanci yana yi wa iska aiki uku kafin ta wuce: gashinsa da majina suna tare ƙura, jijiyoyin jinin da ke jikin bangonsa suna ɗumama ta, damshinsa kuma yana jiƙa ta.

Yanzu kara madubi a ƙarƙashin hancinka ka fitar da numfashi a hankali. Tabo biyu na raɓa za su fito, kuma sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya girma. Kada wannan ya dame ka. Kafofin hanci karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ta buɗe sosai na wasu sa'o'i, ɗayar ta ɗan tsuke, daga baya su sauya.

Mataki na 2: Ɗora yatsa a zakaran wuya ka haɗiye yawu

Za ka ji ya yi sama ya dawo. A wannan ɗan lokaci wani murfi na guringuntsi mai kama da ganye ya rufe ƙofar hanyar iska, domin abinci da iska mashiga ɗaya suke bi a bayan baki kafin kowa ya kama hanyarsa. Shi ya sa ba ka iya haɗiya da numfashi a tare, kuma shi ya sa mai dariya da abinci a baki yake ƙwarewa. Bar yatsanka a wurin ka yi ɗan gunji da baki a rufe. Karkarwar da ka ji ta igiyoyin murya ce, iska ce ke kaɗa su a hanyarta ta fita.

Gangaro da yatsa ƙasa kaɗan, ka taɓa a hankali. Waɗannan tudu-tudun da kake ji zobban guringuntsi ne na bututun iska, guda 16 zuwa 20, a bututun da tsawonsa bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba. Su ke hana shi lotsewa. Ba su haɗe ta baya ba, don hanyar abinci da ke jingine da su ta sami wurin buɗewa idan loma ta zo wucewa. Cikin bututun kuwa a shimfiɗe yake da wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna turo kaki da dattin da ya maƙale a ciki zuwa sama. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi, sai dattin ya zauna, mai shan ya wayi gari da tari.

Mataki na 3: Nemo injin da ke yin aikin

Kwanta rigingine. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a saman cibiya. Yi numfashi yadda ka saba, kada ka ƙara masa komai. Hannun da ke ciki shi zai fi ɗagawa.

Abin da ke ɗaga shi wani faifan tsoka ne da ya raba ƙirji da ciki, likitoci suna ce masa dayafiram. Idan yana hutawa a kife yake kamar ƙwarya. Da ya tsuke sai ya baje ya yi ƙasa, ya tura kayan ciki gaba, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari kuma su ɗaga ƙashin su buɗa shi. Fili ya ƙaru a ƙirji ke nan, matsin iskar da ke ciki ya yi ƙasa da na waje, sai iska ta kwararo da kanta ta cike gurbin, kamar yadda take shiga zugazugi idan an buɗa shi. Fitar da numfashi kuwa, in dai ba aiki kake yi ba, ba ya cin ƙarfi: tsokar ta saki, huhu ya koma yadda yake kamar roba. Shaƙuwa ma daga nan take, tsokar ce ke fizga ba shiri, igiyoyin murya su rufe farat ɗaya.

Mataki na 4: Haɗa huhun gora

Wannan shi ne matakin da na fi so a yi da yara, domin abin da hannu ya ji a ciki ido zai gan shi a fili.

Yanke gindin gorar roba mai ɗan tauri. Zura balan-balan ɗaya ta bakin gorar ya rataya a ciki, ka naɗe bakinsa a kan bakin gorar. Ƙulle wuyan balan-balan na biyu, ka yanke kansa, ka shimfiɗa shi ya rufe gindin gorar ruf, ka ɗaure da roba ko salatif yadda iska ba za ta zurare ba. Sai ka kama ƙullin ka ja ƙasa. Balan-balan na ciki zai kumbura ba tare da kowa ya hura shi ba. Saki, zai motse. Gorar ita ce ƙirji, na ciki huhu, na ƙasa dayafiram.

Bayan kowa ya gani, huda gefen gorar da ƙusa ka sake ja. Balan-balan zai ƙi tashi yadda ya yi ɗazu, don iska ta sami gajeriyar hanya. Haka yake faruwa ga wanda aka soka a ƙirji ko haƙarƙarinsa ya karye ya huda ciki: iska ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji, huhun ya motse. Irin wannan rauni ba ya jiran gobe.

Mataki na 5: Bi iskar zuwa inda yatsa ba ya kaiwa

A tsakiyar ƙirji bututun ya rabu biyu. Reshen dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa, don haka abin da yaro ya shaƙa bisa kuskure can ya fi faɗawa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, saboda ya ba zuciya wuri. Rassan suna ta rabuwa har wajen sau 23, suna ƙara sirancewa, su ƙare a wasu 'yan jakunkuna masu kama da nonon inabi, miliyan 300 zuwa 500. Da za a baje su, faɗinsu zai kai murabba'in mita 50 zuwa 100, duk a naɗe cikin ƙirji ɗaya.

Kowace jaka a lulluɓe take da siraran jijiyoyin jini, kuma tantanin da ya raba iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Iskar da ka shaƙa tana da oksijin, wato iskar da jiki ke buƙata don ya rayu, kashi 21 cikin 100. Wadda ka fitar tana da kimanin 16, kabon dayoksaid kuma, wato iskar da jiki ke zubarwa bayan ya yi amfani da oksijin, ya tashi daga 0.04 zuwa wajen 4. Babu famfon da ke tura su. Kowanne yana tsallakawa ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Cikin jajayen ƙwayoyin jini, sinadarin himogulobin mai ɗauke da ƙarfe yana kama oksijin ya kai shi zuciya, ita kuma ta rarraba wa jiki. Ibn al-Nafis, likitan da aka haifa a yankin Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta tun ƙarni na 13 cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya ga siraran jijiyoyin da idonsa a huhun kwaɗo, da madubin ƙara girma.

A nan ne haɗarin gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki yake. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da wari ko launi, kuma tana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na ɗagawa, amma jininsa ba ya ɗauko abin da aka aike shi.

Mataki na 6: Riƙe numfashi kaɗan

A zaune za ka yi wannan, ba a cikin ruwa ba, kuma mai ciki ko mai ciwon zuciya ya tsallake shi. Riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30, da ka ji matsuwa ka saki. Wannan matsuwar ba ƙarewar oksijin ce ta kawo ta ba, har yanzu da saura da yawa a jininka. Kabon dayoksaid ne ya taru, gindin ƙwaƙwalwa da ke sa ido a kansa ya aika wa dayafiram umarni. Shi ne mai kula da numfashinka kana barci, shi ne kuma ke sa ka haki bayan ka hau bene da gudu.

Mataki na 7: Koyi ƙirga numfashi

Duk matakan baya nan suka nufo. Ƙirga wa wani, kada ka ƙirga wa kanka, don da zarar mutum ya san ana kallonsa numfashinsa ke sauyawa. Ɗagawar ƙirji da saukarsa ɗaya ke nan. Cika minti guda cur, musamman ga jariri, wanda numfashinsa kan yi sauri ya ɗan tsaya ya ci gaba. Jira sai yaro ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba, ka ɗage masa riga ka kalli cikinsa.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na numfashi mai sauri shi ne: sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, sai 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. Yaron da ke tari ko zazzaɓi ya kai wannan adadi, ana zargin ciwon namoniya, wato 'yan jakunkunan nan sun cika da ruwa ko mugunya, a kai shi asibiti a ranar.

Ka tuna a mataki na 3 ƙirji buɗewa yake yi idan iska na shiga. To idan ka ga ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki a lokacin da yake jan numfashi, ko kafofin hancinsa na buɗewa da rufewa, ko yana gurnani a kowace fitarwa, ko leɓensa da harshensa sun yi shuɗi-shuɗi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ajiye agogon. Ɗauke shi a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.