Yadda za ka ƙara kabohaidiret ba tare da ka wuce adadin kalorinka ba

Mai lissafin abincinsa, musamman mai motsa jiki, yakan kai dare ya tarar kalorinsa (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) sun ƙare amma kabohaidiret (sitaci da sukarin da ke cikin abinci) bai cika ba. Galibi mai ne ya cinye wurin. Giram ɗaya na kabohaidiret yana ba da kalori 4, furotin ma 4, maiƙo kuwa 9. Don haka duk giram ɗaya na mai da ka rage, ka samu damar ƙara fiye da giram biyu na kabohaidiret.

Fara da lissafi. A ce kalori 2,200 ka ware wa kanka a rana. Masana abinci suna ba da shawarar kabohaidiret ya ɗauki kashi 45 zuwa 65 cikin ɗari na kalorin rana. Idan ka zaɓi kashi 55, wato kalori 1,200 ke nan a ƙiyasce, ka raba gida huɗu, ya zama giram 300. Ware giram 110 na furotin, kalori 440. Abin da ya rage kalori 560 ne, kimanin giram 62 na maiƙo. Wannan adadi na ƙarshe shi za ka sa wa ido, domin babban cokali huɗu da rabi na man gyada ya cinye shi kaf, tun kafin a lissafa kitsen nama da ƙwai da madara.

Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja giram 14 ne, kalori 120. Da waɗannan kalori za ka iya cin kusan giram 100 na dafaffiyar shinkafa, wadda ke ɗauke da kabohaidiret giram 28. Duba shinkafa da wake: yawanci da ludayi ake zuba mata mai, cokali uku ko huɗu a kwano guda. Mayar da shi cokali ɗaya, ka ƙara yaji da tumatir da albasa, ka samu sararin kalori 240 zuwa 360, wato giram 60 zuwa 90 na kabohaidiret, daga kwano ɗaya kawai. Haka abin yake a ɗanwake. Doya da dankali a dafa su ko a gasa maimakon suya. Alale ya maye gurbin ƙosai, muddin ba a cika masa manja ba. A ɓangaren miya, kuka da kuɓewa da ɗan mai kaɗan sun fi miyar gyada da ta agushi sauƙi, saboda gyada kusan rabinta maiƙo ne. Mutane da yawa suna ɗaukar gyada a matsayin abin taɓa baki marar nauyi, alhali giram 100 nata ya haura kalori 560, kabohaidiret ɗin ciki kuwa giram 16 ne kacal.

Sai abin da za ka cike gurbin da shi. Idan yunwa ce ke damun ka, nemi mai ƙosarwa: dafaffen dankalin turawa giram 100 yana da kalori 87 da kabohaidiret giram 20, dankalin Hausa ma kusan haka, dafaffiyar doya giram 27. Idan kuwa cikinka ne ke cika kafin ka kai adadin, koma ga marasa ruwa da yawa. Dabino kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa kabohaidiret ne, babban cokalin zuma yana da giram 17, matsakaiciyar ayaba giram 27. Koko da kunun tsamiya suna wucewa ba wahala, kuma maiƙonsu kaɗan ne. Kunun gyada dai a lissafa shi da nasa man.

Inda aka fi yin kuskure shi ne awo. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kabohaidiret kusan giram 80, dafaffiya kuma 28, domin ta sha ruwa. Wanda ya auna dafaffiya ya rubuta lissafin ɗanya zai ɗauka ya cika adadinsa, alhali kashi ɗaya cikin uku ya ci. Tuwo ya fi wuyar ƙiyasi, tun da kaurinsa ya danganta da hannun mai tuƙi. Auna garin a sikeli kafin a tuƙa, sannan ka raba da yawan malmalar da ta fita.

Kada ka ƙara shi duka a rana ɗaya. Wake da gero da dawa suna da harza mai yawa, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, idan aka loda su farat ɗaya sai kumburin ciki. Ƙara giram 30 zuwa 50 na kabohaidiret, ka bar jiki ya saba na ƴan kwanaki, sannan ka sake ƙarawa. A makon farko nauyinka zai iya hawa da kilo ɗaya ko fiye. Tsoka tana ajiye kabohaidiret tare da ruwa, kusan giram uku na ruwa ga kowane giram ɗaya, don haka wannan hawan ruwa ne, ba ƙiba ba.

Maiƙo kuma kada ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na kalorinka, domin jiki yana buƙatarsa wajen ɗaukar bitamin A, D, E da K. Lemon kwalba zai cika maka lissafi a takarda, amma sukari ne zalla, ba ya ƙosarwa. Mai ciwon sukari kuwa kada ya taɓa adadin kabohaidiret ɗinsa sai ya zauna da likitansa, domin maganin da yake sha ko allurar insulin an daidaita su ne da abin da ya saba ci.