Yadda za ku tattara labarin kakanku kafin masu saninsa su ƙare

Kada ku tara dangi wuri ɗaya. In an taru, abin da za ku samu bai wuce "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne" ba. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ku fara da mata: matarsa in tana raye, ƙannensa, gwaggo. Su suka san ƙarfe nawa yake tashi, ko da nono yake son furarsa, wa yake kira su ci tuwo tare a zaure, da abin da ke ɓata masa rai.

Jika ya kamata ya yi tambayar. Ɗa yana jin nauyi, tsohuwa kuma ba za ta saki baki gaban ɗanta na fari ba, amma da jika akwai wasa. Kada a matsa mata ta ambaci sunan mijinta. A nemi sunan a wurin kawu.

Ku je da hantsi ko bayan la'asar, da ɗan goro. Ku nemi izini kafin ku ɗauki murya. A ajiye waya kan matashi, kamar kamu biyu daga bakinta, nesa da fanka da rediyo, domin iska na cinye magana. Minti 30 ya isa zama ɗaya. Ku ɗauko wani kayansa, carbi, buzu ko butar alwala, ku miƙa mata ku ce: "Iya, ina yake ajiye wannan?" Daga nan labari ke ɓallewa.

Shekara ita ce mai wuya, don tsofaffin Damagaram ba da lamba suke lissafi ba. Ku tambaya: kafin mulkin kai na 1960 ne ko bayansa? Kafin Seyni Kountché ya hau mulkin Nijar a 1974? Lokacin yunwar 1984? Wane sarki ke kan gado? A unguwar Birni yake zaune ko Zango? Inda bakin mutum biyu ya saɓa, ku rubuta duka biyun da sunan mai faɗa.

Takardun gafakarsa kuwa, a ɗauki hotonsu shafi-shafi a inuwa, ba tare da sauya jerinsu ba. Kada a manna musu gam, kada a ɗaure su cikin leda, gumin damina zai sa su ruɓe. A naɗe su a farin ƙyalle cikin akwatin ƙarfe, a ɗora kan bulo saboda gara. Muryoyin kuma a kwafe su a wayar mutum biyu a ranar, kowanne da sunan mai magana da kwanan wata.